Washington: Yadda Sunan Wani Ƙauyen Ingila Ya Koma Hannun Jikokin Bayi a Amurka

Duk mai sauraron labaran duniya a rediyo ya saba jin an ce Washington ta yi gargaɗi, ko Washington ta janye tallafi, har sunan ya zama inkiyar gwamnatin Amurka baki ɗayanta. Kafin birnin ya samu wannan suna, na mutum ne, wato George Washington, shugaban Amurka na farko. Shi kuma gadonsa ya yi daga wani gida na masu rufin asiri a Ingila, waɗanda su ma ba da shi aka haifi kakansu ba, domin asalinsa sunan wani ƙauye ne a arewa maso gabashin Ingila, kusa da kogin Wear, tsakanin biranen Sunderland da Newcastle. A yau mafi yawan masu amsa wannan suna a Amurka baƙaƙen fata ne, kuma galibinsu babu jinin da ya haɗa su da ƙauyen ko da shugaban. Wanda ya bi sawun sunan zai ga cewa gona da takarda da zaɓin mutum sun fi jini tasiri wajen ɗauke shi daga wannan hannu zuwa wancan.

Kafin shekarar 1066 yawancin mutanen Ingila suna ɗaya suke da shi, sai dai laƙabi da kan bi mutum ya mutu tare da shi. A waccan shekara ce Wiliyam na Nomandi ya tsallako daga arewacin Faransa ya ci ƙasar da yaƙi, ya raba ta ga mayaƙansa, su kuwa suka zo da ɗabi'ar kiran mutum da sunan ƙasar da yake riƙe da ita, ana sa kalmar Faransanci "de" a gaba, ma'ana "na wuri kaza". Manyan masu ƙasa ne suka fara mayar da irin wannan laƙabi abin gado, domin ɗan da zai gaji gona yana son sunan da zai zame masa shaida. Sannu a hankali abin ya gangaro ga talakawa, har ya zamana wajen shekarar 1400 yawancin gidajen Ingila na da sunan zuri'a. Wasu daga sana'a suka samo nasu, kamar Smith, wato maƙeri, da Taylor, wato tela. Wasu daga sunan uba, kamar Johnson, ɗan John, wasu daga kama ko hali, wasu kuma daga gari. Abin da ya ƙara kafe sunayen shi ne rubutu: masu karɓar harajin kai a 1377 da 1379 da 1381 sun bi gari-gari suna rubuta mutane, sannan a 1538 aka wajabta wa kowane coci ajiye littafin da za a riƙa shigar da baftisma da aure da jana'iza. Bahaushe ba zai yi mamakin kiran mutum da sunan garinsu ba, tunda ya san Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Balewa. Bambancin shi ne a Ingila sunan garin ya daɗe da daina nuna inda mutum ya fito, ya koma nuna inda wani kakansa na ƙarni da yawa baya ya taɓa zama.

Kalmar kanta ta tsohon Ingilishi ce, kuma ta girmi zuwan mutanen Nomandi. Gaɓar ƙarshe, "tun" a dā, "ton" a yanzu, na nufin shinge ko gandu ko ƙauye, ita ce kuma ke ƙarshen sunaye irin su Clinton da Newton. Gaɓar tsakiya, "ing", na nuna dangantaka da wani mutum ko jama'arsa. Gaɓar farko sunan mutum ce, wanda masana sunayen wurare ke karantawa Wassa ko Hwassa. Ke nan ma'anar ita ce gandun mutanen wane, kamar yadda a ƙasar Hausa ake cewa Gidan Wane ko Tungar Wane, garin ya girma, a manta da wanen, sunan ya zauna. Akwai wani ƙauyen mai suna Washington a kudancin Ingila, a yankin Sussex, amma zuri'ar da ta yi fice daga na arewa ta fito.

Mun san lokacin da sunan ya tashi daga ƙauye ya hau kan mutum, albarkacin wani bishop mai son lissafi. A wancan zamani bishop na Durham ba limami kaɗai ba ne, kusan sarki ne a yankinsa, da kotu da haraji da mayaƙa. A 1183 Bishop Hugh du Puiset ya sa aka ƙidaya dukan ƙasashensa da abin da kowa ke biya, aka tattara a kundin da ake kira Littafin Boldon. A cikinsa aka rubuta cewa wani Wiliyam de Hertburn yana riƙe da Wessyngton, ban da coci da gonakin coci, a madadin ƙauyen Hertburn da ya sakar wa bishop. Sharaɗin shi ne ya riƙa biyan fam huɗu a shekara, kuma duk lokacin da bishop ya fita babbar farauta, ya biyo shi da karnukan farauta biyu. Da mutumin ya tare a sabon wurinsa, sai ya zama Wiliyam de Wessyngton, 'ya'yansa da jikokinsa suka ɗora a kai. Musayar gona ce kawai tsakanin bishop da mai riƙe masa ƙasa. Da bishop bai yi sha'awar Hertburn ba, da zuri'ar ta ci gaba da amsa tsohon sunanta, kuma da shi George zai gada.

Zuri'ar ta zauna a ƙauyen kimanin shekara ɗari biyu, tana cikin ƙananan masu ƙasa da ke bin bishop yaƙi a kan iyakar Sukotlan. Ɗaya daga cikin masu sunan, John Wessington, ya shugabanci sufayen babban cocin Durham daga 1416 zuwa 1446. Amma wajen ƙarshen ƙarni na 14 babban reshen gidan ya ƙare a kan 'ya mace, ƙasar ta bi ta gidan miji, sunan ya rabu da wurin da ya haife shi. A 1613 magadan suka sayar da gidan ga bishop na Durham na lokacin, wato ƙasar ta koma inda ta fito. A tsawon waɗannan shekaru rubutun sunan bai tsaya wuri guda ba, domin kowane magatakarda yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Wessyngton, Wessington, Wassington, har dai Washington ya yi rinjaye. "De" ɗin ma ta faɗi a hanya, kamar yadda ta faɗi daga sunaye da yawa sa'ad da Faransanci ya daina zama harshen manya a Ingila.

Wanda ya riƙe sunan ƙaramin reshe ne, wanda aure ya kai shi yamma, zuwa ƙauyen Warton a yankin Lancashire, wajen shekarar 1300. A can aka haifi Lawrence Washington wajen 1500, kuma shi ne ya ɗaga gidan. Ya gangara kudu zuwa Northampton ya shiga fataucin ulu, wanda a Ingilar wancan zamani shi ne abin da gyaɗa ta taɓa zama ga Kano, ya yi arziki har aka naɗa shi magajin garin sau biyu, a 1532 da 1545. Sa'arsa ta zo daidai da rikicin Sarki Henry na Takwas da fadar Paparoma, lokacin da sarkin ya rushe gidajen sufaye ya ƙwace ƙasashensu yana sayarwa ga masu kuɗi a hannu. A 1539 Lawrence ya sayi ƙasar Sulgrave, wadda a dā mallakar wani gidan sufaye ne na Northampton, ya gina gidan dutse da ke tsaye har yau. A saman ƙofar shiga ya sa aka sassaƙa tambarin zuri'arsu: farin fili, jajayen layuka biyu a kwance, jajayen taurari uku a samansu.

Wannan tambari ya haifi wani labari da ake yawan maimaitawa, cewa daga gare shi aka samo tutar Amurka mai taurari da layuka. Kamannin na da ɗaukar ido, amma babu wata takarda daga zamanin da majalisar Amurka ta amince da tutar a 1777 da ke nuna haka, kuma masana tarihi ba su karɓi zancen ba. Abin da yake tabbas shi ne tutar gundumar Columbia, inda babban birnin yake, daga tambarin aka kwaikwayo ta kai tsaye, aka kuma amince da ita a 1938.

Siyasa ce ta ɗaga gidan a ƙarni na 16, ita ce kuma ta karya shi a ƙarni na 17. Wani Lawrence ɗin, tattaɓa-kunnen mai ulu, ya yi karatu a Oxford ya zama limamin cocin Purleigh a yankin Essex, muƙami mai gwaɓin samu. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa, ya tsaya a ɓangaren sarki. A 1643 magoya bayan majalisa suka tsige shi, suna zarginsa da zagin majalisa da yawan zaman mashaya, zargin da aka yi wa limamai da yawa na ɓangaren sarki a lokacin. Ya ƙarasa rayuwarsa a wani ƙaramin coci cikin talauci, ya mutu bayan kimanin shekara goma. Ɗansa John, wanda da zai bi sawun ubansa zuwa jami'a, sai ya faɗa harkar jiragen ruwa masu dakon taba. A 1657 jirgin da yake aiki a ciki ya kafe a kogin Potomac, a Virginia ta Amurka, bayan an yi masa lodin taba zai koma Ingila. John bai koma ba. Ya auri 'yar mai masaukinsa, Anne Pope, surukin ya ba su gona eka 700, daga nan gidan ya sake kafuwa. A 1674 shi da wani abokinsa suka samu eka 5,000 a bakin Potomac, ƙasar da daga baya ta zama Mount Vernon, gandun George Washington. John ya haifi Lawrence, Lawrence ya haifi Augustine, Augustine ya haifi George a 1732.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne George kansa bai san yawancin wannan labari ba. A 1791 Sir Isaac Heard, babban jami'in fadar Ingila mai kula da tambura da salsalar manyan gidaje, ya rubuto masa yana neman bayanin kakanninsa. A amsar da ya mayar a 1792, shugaban ya ce wannan batu ne da bai taɓa ba shi muhimmanci sosai ba, kuma abin da ya ji tun yana yaro shi ne gidansu daga ɗaya daga cikin yankunan arewacin Ingila ya fito, ko Lancashire, ko Yorkshire, ko gaba da nan. Yana amfani da tambarin a hatiminsa da jikin keken dokinsa, amma bai iya lissafo kakanninsa na Ingila ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 masu binciken salsala suka tono wasiyyoyi da littattafan coci suka haɗa John na Virginia da limamin Purleigh, daga nan zuwa Sulgrave. Wato takardun da aka ƙirƙira domin haraji da gado su ne suka adana abin da zuri'ar kanta ta manta.

George Washington ya mutu a 1799 bai bar ɗa ko 'ya ba. 'Ya'yan da suka tashi a gidansa na matarsa Martha ne da mijinta na farko, kuma Custis suke amsawa. Mount Vernon ta koma hannun ɗan ƙaninsa, Bushrod Washington, alƙali a Kotun Ƙolin Amurka, wanda shi ne shugaban farko na ƙungiyar da ta riƙa kwaso 'yantattun bayi zuwa Laberiya, shi ya sa har yau akwai tsibirin Bushrod a Monrobiya. Don haka duk wanda ya ce shi jikan shugaban ne kai tsaye, magana ce mara tushe. Iyakarta ya fito daga tsatson 'yan'uwansa. Amma rashin magaji bai rage wa sunan komai ba, domin tun yana raye ƙasa ta karɓe shi. A 1791 aka raɗa wa sabon babban birnin sunansa. A 1853 aka yanki wani yanki a arewa maso yammacin ƙasar, mazaunansa suka nemi a kira shi Columbia, majalisa ta ce hakan zai rikita shi da gundumar Columbia, sai ta kira shi Washington, wanda ya fi rikitarwa nesa ba kusa ba. Ya zama jiha a 1889. Gundumomi kimanin talatin ne ke ɗauke da sunan, ban da garuruwa da tituna da makarantu.

Daga nan ne labarin ya ɗauki wata hanya da babu wanda ya tsara ta. A ƙidayar Amurka ta shekarar 2000, mutum 163,036 ne ke da sunan zuri'a Washington, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari nasu baƙaƙen fata ne. Babu wani sanannen suna a ƙasar da ya kai wannan kaso. Abin da zai fara zuwa ran mutum shi ne waɗannan jikokin bayin George Washington ne, tunda an san wasu bayi sun fita da sunan iyayen gijinsu. Lissafi bai goyi bayan haka ba. A shekarar da ya mutu bayi 317 ne a Mount Vernon, 123 nasa na kansa, 153 na gadon mijin Martha na farko waɗanda ba shi da ikon 'yantawa, sauran na haya. A wasiyyarsa ya ce a 'yanta nasa bayan mutuwar matarsa, ita kuwa ba ta jira ba, ta sake su a farkon 1801. Waɗanda aka san sunayen zuri'arsu a cikin bayin gidan, wasu sunaye dabam suke amsawa: William Lee, wanda ya yi masa hidima duk tsawon yaƙin neman 'yanci, da Ona Judge, wadda ta tsere daga gidan shugaban a Philadelphia a 1796 ba ta sake komawa ba. Mutum ɗari da 'yan kai, da yawansu da nasu sunayen, ba za su haifi wancan adadi ba.

Bayanin yana ga abin da ya faru bayan 1865, sa'ad da aka haramta bauta aka 'yanta mutum kusan miliyan huɗu. Kafin nan doka ba ta damu da sunan zuri'ar bawa ba. A ƙidayar 1850 da ta 1860 an jera bayi ƙarƙashin sunan mai su, da shekaru da jinsi da launi, ba tare da suna ba ko na yanka. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta su da cikakken suna. A 'yan shekarun nan duk wanda zai ɗaura aure a hukumance, ko ya sa hannu a yarjejeniyar aiki, ko ya yi rajistar zaɓe, ko ya karɓi haƙƙinsa na tsohon soja, sai an tambaye shi suna biyu. Wasu sun bayyana sunan da dama suke amfani da shi a tsakaninsu ba da sanin ubangida ba. Wasu sun riƙe na tsohon ubangida, sau da yawa domin dangin da aka sayar nesa su iya gano su. Wasu kuma sun zaɓi sabo fil, irin su Freeman, wato ɗa mai 'yanci, ko sunan wani babba a tarihin ƙasar, kamar Jefferson da Jackson, kuma a cikin irin waɗannan Washington ne ya fi jan hankali. A ganina dalilin a fili yake. Mutumin da aka ce jiya kaya ne, yau yana son sunan da babu wanda zai ce na baƙo ne, kuma babu sunan da ya fi wannan zama na ƙasar. Ƙarancin Turawa masu sunan ya ƙara wa kason girma, domin gida ne ƙarami tun daga Ingila, saɓanin Jackson ko Johnson da Turawa masu yawa ke amsawa.

Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta a Virginia a 1856, ya kuma zama shugaban farko na makarantar Tuskegee a 1881, ya ba da labarin yadda ya samu nasa a tarihin rayuwarsa da ya wallafa a 1901. Ranar da ya fara shiga aji, ya ji malami na kiran sunaye, kowane yaro da suna biyu, wasu har uku, shi kuwa Booker kaɗai ya sani. Kafin layi ya zo kansa ya yanke shawara, da aka tambaye shi sai ya ce Booker Washington, kamar da shi aka haife shi. Mijin mahaifiyarsa sunansa na yanka Washington ne, don haka sunan ba baƙo ba ne a kunnen yaron. Daga baya ya gano cewa mahaifiyarsa ta raɗa masa Taliaferro tun yana jariri, sai ya maido da shi tsakiya, shi ne harafin T ɗin. Idan aka ajiye wannan kusa da abin da Wiliyam de Hertburn ya yi shekara kusan ɗari bakwai kafin nan, za a ga aiki iri ɗaya ne: mutum ya samu kansa a sabon matsayi, ana bukatar a rubuta shi, ya ɗauki sunan da ya dace da inda ya tsaya. Bambancin kawai shi ne ɗaya gona ya samu, ɗayan kansa ya samu.

Akwai kuma waɗanda suka samo sunan ta tsohuwar hanya, daga gandun da aka bautar da su. Wani Joseph Washington, daga wani reshe na masu sunan a Virginia, ya ƙaura zuwa Tennessee a 1796 ya kafa gandun taba a gundumar Robertson. Gandun ya bunƙasa har ya zama cikin mafiya girma a Amurka wajen noman taba, kuma a 1860 bayi 274 ne ke aiki a cikinsa. Bayan 'yanci da yawansu sun fita da sunan Washington, zuri'arsu ta bazu zuwa Nashville da biranen arewa. Sunan da masu gandun suka raɗa masa shi ne Wessyngton, da tsohon rubutun nan na Littafin Boldon, domin tunawa da ƙauyen da ke bakin kogin Wear.

Shi kuwa ƙauyen, hakar kwal ta mamaye shi a ƙarni na 19, tsohon gidan zuri'ar ya koma gidan haya da iyalan ma'aikata ke cunkushe a ciki, har ya kusa rushewa kafin mutanen garin su tashi su ceto shi, da taimakon kuɗi daga Amurka. Sulgrave ma an saye shi da kuɗin karo-karo a 1914, domin cikar shekara ɗari da yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin Birtaniya da Amurka. A 1964 gwamnati ta ayyana Washington ta Ingila sabon gari, ta yi masa unguwanni da masana'antu, kuma a gefensa kamfanin Nissan ya buɗe masana'antar motoci a 1986. Shugaba Jimmy Carter ya ziyarci tsohon gidan a 1977, kuma duk ranar 4 ga Yuli ana ɗaga tutar Amurka a harabarsa, ana bikin ranar 'yancin ƙasar da wani jikan masu gidan ya jagoranci yaƙin raba ta da sarautar Ingila.